Zuma Ga Zaƙi Ga Harbi: Amfanin Garin Koko da Baƙin Cakulan ga Lafiya da Haɗarin Ƙarafa Masu Guba da Ke Cikinsu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hujjojin da ake kafawa wajen danganta garin koko da baƙin cakulan da lafiyar zuciya da jijiyoyin jini, sannan ta auna su da haɗarin ƙarafa biyu masu guba, wato kadmiyam da dalma, waɗanda gwaje-gwaje suka sha ganowa a cikinsu. An dogara da sakamakon binciken da aka riga aka wallafa da kuma ƙa'idojin hukumomin kula da abinci na Turai da Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya. Maƙalar ta gano cewa amfanin koko tabbatacce ne amma ɗan kaɗan ne, kuma ya rataya ga wani sinadari da sarrafawa kan lalata. Ta kuma nuna cewa ƙarafan biyu ba ta ƙofa ɗaya suke shiga ba, kuma saɓanin rahotanni a kan haɗarinsu ya samo asali ne daga saɓanin mizani.

Fitilun Kalmomi: koko, baƙin cakulan, filabanol, kadmiyam, dalma

1.0 Gabatarwa

Kokon da ake magana a kansa a nan ba shi ne kunun koko na gero ko masara da ake sha da ƙosai ba, duk da cewa rubutunsu ɗaya ne. Ana nufin ƙwayar itacen nan da masanin tsirrai Carl Linnaeus ya raɗa wa suna Theobroma cacao a 1753. Asalinsa dazukan Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano burbushinsa a jikin tukwanen da aka tono a Ikwado masu shekara kimanin 5,300. A rabon masana tsirrai, koko dangin goro ne da kuɓewa da rama da auduga. Kusancinsa da goro ya wuce na suna, domin dukansu suna ɗauke da sinadaran kafeyin da tiyoburomin masu wartsake jiki, kuma a kudu maso yammacin Nijeriya akan same su a gona ɗaya.

A yau, Kwaddibuwa da Gana su kaɗai suna noma kimanin rabin kokon duniya, Nijeriya da Kamaru kuma suna cikin manyan masu nomansa. Sai dai mafi yawansa ɗanye ake fitar da shi zuwa Turai da Amurka, ya dawo a matsayin cakulan da garin sha. A shekarun baya-bayan nan an sami labarai biyu masu karo da juna a kansa. Na farko ya ce baƙin cakulan kariya ne ga zuciya. Na biyu, wanda ya yi ƙarfi tun ƙarshen 2022, ya ce cike yake da ƙarafa masu guba. Mai hawan jini da ya ji na farko ya fara saye, da uwar da ta ji na biyu ta tsorata, duk suna buƙatar sanin abin da alƙaluma suka faɗa a zahiri.

2.0 Daga Ƙwanso Zuwa Gari

Ba za a fahimci amfanin ko haɗarin ba sai an bi yadda ake sarrafa koko. Idan aka fasa ƙwanso, akan tara ƙwayoyin a rufe su da ganyen ayaba kwana biyar zuwa bakwai su tsima, kusan kamar yadda ake rufe kalwa a yi daddawa. Daga nan sai a shanya su a rana mako ɗaya ko biyu. A masana'anta akan soya su, a sheƙe ɓawon, a niƙa cikin ya zama ƙulli wanda kusan rabinsa mai ne. A 1828 ne gidan Van Houten na Holan ya yi rajistar injin matse wannan mai, abin da ya rage kuma shi ake mayarwa garin koko. Baƙin cakulan kuwa haɗi ne na ƙullin da man da sukari, babu madara ko kuma kaɗan ce, kuma lambar da ake gani a jikin takardarsa, kamar kashi 70 ko 85 cikin ɗari, tana nuna yawan abin da ya fito daga koko.

Muhimmin abu a nan shi ne, sinadaran da ke da amfani da ƙarafan da ke da guba duk a wuri ɗaya suke zama, wato a tsakin kokon da ba mai ba. Ke nan duk lokacin da cakulan ya ƙara baƙi, yana iya ƙara yawan duka biyun. Farin cakulan, da yake man koko ne da sukari da madara, kusan babu ko ɗaya daga cikinsu.

3.0 Amfanin Koko ga Lafiya

Sinadarin da ake danganta wa amfanin shi ne filabanol, musamman nau'insa da ake kira efikatekin. Yana taimaka wa fatar cikin jijiyoyin jini ta samar da iskar naitirik oksaid, wadda ke sa jijiya ta saki ta buɗe, jini ya gudana cikin sauƙi. Abin da ya fara jawo hankalin likitoci shi ne aikin Norman Hollenberg na Jami'ar Harvard a shekarun 1990 a tsakanin al'ummar Kuna da ke tsibiran San Blas a Fanama. Ya tarar hawan jini ba ya yawaita a cikinsu ko da sun tsufa, kuma suna shan kusan kofi biyar na koko kullum. 'Yan'uwansu da suka koma birni kuwa ba su tsira ba. Sai dai mazauna tsibiran sun bambanta da na birni a wasu abubuwan ci ma, kamar kifi da 'ya'yan itace, saboda haka wannan bai isa hujja ba.

Wannan rauni ya shafi duk binciken da ya tsaya ga lura da abin da mutane ke ci. A 2012 likita Franz Messerli ya nuna, da sigar zolaya, cewa ƙasashen da suka fi cin cakulan su ne suka fi samun lambar yabo ta Nobel, Siwizalan na kan gaba a duka biyun. Babu mai cewa cakulan ke ba da Nobel. Wadata ce ta haɗa su. Da irin wannan taka-tsantsan ya kamata a karanta binciken Harvard na Disamba 2024, wanda ya gano cewa masu cin baƙin cakulan sau biyar ko fiye a mako sun sami ragin kashi 21 cikin ɗari na kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu, yayin da cakulan mai madara bai nuna haka ba, sai ma alaƙa da ƙarin ƙiba. Sakamakon yana da nauyi saboda yawan mutanen da aka bi tsawon shekaru, amma alaƙa ya nuna, ba sanadi ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta gwajin da aka raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Bitar Cochrane ta 2017 ta tattara irin waɗannan gwaje-gwaje 35 da suka ƙunshi mutum 1,804. Ta gano cewa koko mai yawan filabanol ya rage hawan jini da kimanin mmHg 1.8 a lambar sama da ta ƙasa, ragin lambar sama kuma ya kai kusan 4 ga masu hawan jini. Ragi ne na gaske, amma bai kusa da abin da maganin asibiti ke yi ba, kuma gwaje-gwajen na 'yan makonni ne. Babban gwaji mai suna COSMOS, wanda aka wallafa a 2022, ya bi dattawan Amurka 21,442 na tsawon shekara 3.6 a matsakaici. Rabinsu sun sha ƙwayar da ke ɗauke da miligiram 500 na filabanol kullum, sauran kuma ƙwayar da babu komai a ciki. A babban abin da aka nufi aunawa, wato jimillar cututtukan zuciya da shanyewar jiki, an sami ragin kashi 10 cikin ɗari wanda a ƙa'idar ƙididdiga bai wuce dacen sa'a ba. An dai ga ragin kashi 27 a mace-macen da zuciya ta haddasa, kuma wannan ne jaridu suka ɗauka, alhali shi sakamako ne na gefe. Ya kamata a lura da abu biyu: ƙwaya aka gwada ba cakulan ba, kuma kamfanin Mars mai yin cakulan na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin.

Hukumomi sun yi magana daidai gwargwadon hujjar. Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai ta amince a 2012 cewa miligiram 200 na filabanol a rana yana taimaka wa buɗewar jijiyoyin jini, kuma za a iya samunsa daga giram 2.5 na gari ko giram 10 na baƙin cakulan, muddin masu yawan filabanol ne. Takwararta ta Amurka a 2023 ta yarda a rubuta amfanin a jikin garin koko mai yawan filabanol, da sharaɗin a bayyana cewa hujjar tana da ƙaranci ƙwarai.

Sharaɗin yawan filabanol shi ne inda gizo ke saƙar. Filabanol yana da ɗaci da bauri, masana'antu kuwa daɗin baki suke sayarwa. Tsimawa da suya suna rage shi, amma abin da ya fi cinye shi shi ne wanke garin da sinadari irin na kanwa domin ya yi duhu ya rage tsami. Wani gwaji na 2008 ya sami kimanin miligiram 35 na filabanol a kowane giram na garin da ba a wanke ba, wanda aka wanke sosai kuwa bai kai 4 ba. Ashe duhun launi ba shaida ba ne. Garin da ya fi baƙi yana iya zama shi ya fi talauci. Abubuwan sha irin su Milo da Bournvita da ake gani a teburin mai shayi kuwa haɗi ne na tsiron hatsi da sukari da madara da koko, don haka ba su ne abin da waɗannan gwaje-gwaje suka auna ba.

4.0 Kadmiyam: Gubar da Ke Fitowa Daga Ƙasa

A Disamba 2022 ƙungiyar kare masu saye ta Amurka, Consumer Reports, ta gwada nau'in baƙin cakulan 28. Ta sami kadmiyam da dalma a dukansu. A 23 daga ciki, cin giram 28 a rana ya haura iyakar da jihar Kalifoniya ta gindaya a kan aƙalla ɗaya daga cikin ƙarafan, biyar kuma sun haura a duka biyun. A 2024 masu bincike na Jami'ar George Washington sun fitar da sakamakon kayan koko 72 da suka gwada tsakanin 2014 da 2022: kashi 43 cikin ɗari sun haura iyakar dalma, kashi 35 sun haura ta kadmiyam. Wani abin lura shi ne, waɗanda aka noma ba da takin zamani ba sun fi sauran yawan ƙarafan.

Kadmiyam a cikin ƙasa yake, itacen koko kuma yana da saurin zuƙarsa ta saiwa ya kai shi ganye da ƙwaya. Ƙasa mai tsami ta fi sakinsa. Matsalar ta fi tsanani a sassan Ikwado da Peru da Kwalambiya, inda yanayin duwatsu da laka ke sa ƙasar ta ƙunshi ƙarfen da yawa. Wani bincike da ya game gonakin Ikwado a 2019 ya sami kashi 45 cikin ɗari na samfuran ƙwaya sun haura miligiram 0.6 a kilo. Kokon Afirka ta Yamma galibi kadmiyam ɗinsa kaɗan ne, shi ya sa masana'antu ke gauraya shi da na Kudancin Amurka domin su sauko ƙasa da iyaka. Abin mamaki shi ne, cakulan mai tsada da ake alfahari da cewa daga gona ɗaya ta Kudancin Amurka ya fito, shi ne ba ya samun wannan gaurayawar.

Illar kadmiyam ba ta gaggawa ba ce. Hanji yana tsotse kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na abin da aka ci, amma abin da ya shiga yana taruwa a ƙoda, kuma sai an yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Idan ya taru yana lalata matatar ƙoda ya raunana ƙashi. Mafi munin misali shi ne cutar itai-itai a lardin Toyama na Japan, inda ruwan kogin Jinzu da mahaƙa ta gurɓata ya shiga gonakin shinkafa, gwamnati kuma ta amince da sanadin a 1968. Mai ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ya fi tsotsar kadmiyam, domin hanyar da hanji ke ɗaukar ɗayan ita ce ke ɗaukar ɗayan. Wannan ya sa mata masu ciki da masu fama da ƙarancin jini suka fi zama cikin haɗari.

4.1 Dalma: Gubar da Ke Shiga Bayan Girbi

Gubar dalma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A 2010 yara fiye da 400 sun rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara sakamakon niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Abin da ke cikin cakulan bai kama ƙafar wannan ba ko kusa, kuma kuskure ne a kwatanta su. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa. Ɗan kaɗan ma yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro da ƙarfin fahimtarsa, a babba kuma yana ƙara hawan jini, wato ainihin abin da ake neman ragewa da kokon.

Hanyar shigar dalma ta bambanta, kuma ɗaya daga cikin binciken da ya fara fayyace ta a gonakin Nijeriya aka yi shi. Charley Rankin da abokan aikinsa sun wallafa a 2005 cewa cikin ƙwayar koko daga waɗannan gonaki bai wuce nanogiram 0.5 na dalma a giram ba, wanda yana cikin mafi ƙarancin da aka taɓa samu a abinci. Amma a garin koko na masana'anta adadin ya kai har 230, a cakulan kuma har 70. Ɓawon ƙwayar yana kama dalma sosai, kuma masu binciken sun danganta wani ɓangare na gurɓatar da hayaƙin fetur mai dalma da ake amfani da shi a lokacin. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan fetur a farkon 2006, amma dalmar da ta riga ta sauka a ƙasar bakin hanya ba ta ruɓewa. Rahoton kwamitin ƙwararru da aka fitar a Amurka a 2022, bayan sasantawa tsakanin ƙungiyar As You Sow da kamfanonin cakulan, ya ƙarfafa wannan: dalma tana hawa ɓawon ne lokacin tsimawa da shanya, daga ƙura da ƙasa da ke manne wa jiƙaƙƙiyar ƙwaya.

Wannan labari ne mai daɗi ta wani ɓangare, domin maganinsa ba ya buƙatar sauya itace ko ƙasa. Shanya a kan rumfa ko tsaftatacciyar tamfol, nesa da titi, da kyautata sheƙe ɓawo a masana'anta suna rage shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Rage kadmiyam kuwa yana buƙatar zuba farar ƙasa don kashe tsamin gona ko dasa sabon iri, aikin da ke ɗaukar shekaru. Al'adar shanya amfanin gona a gefen kwalta, wadda duk matafiyi ya saba gani daga barkono da tumatir a Arewa har koko da rogo a Kudu, ita ce ya kamata malaman gona su fi mayar wa hankali. A Gana kuma haƙar zinariya ta haram da ake kira galamsey tana cin gonakin koko tana gurɓata kogunan da ke kewaye da su.

5.0 Matsalar Mizani

A 2024 masu bincike na Jami'ar Tulane sun gwada cakulan 155, suka ce ɗaya tak ya haura iyakar Turai ta kadmiyam, kuma cin giram 28 a rana ba haɗari ba ne ga babba. Yaya za a daidaita wannan da rahoton da ya ce 23 cikin 28 sun haura iyaka? Amsar tana ga mizanin. Dokar Kalifoniya ta 1986 ta sa iyakar maikirogiram 0.5 na dalma da 4.1 na kadmiyam a rana. An sami waɗannan lambobi ne ta hanyar raba adadin da ba a ga ya yi illa ga haihuwa ba gida dubu, kuma manufarsu tilasta rubuta gargaɗi, ba haramta sayarwa ba. Tarayyar Turai kuwa, tun 1 ga Janairu 2019, ta sa iyakar miligiram 0.8 na kadmiyam a kilo ga cakulan mai koko kashi 50 ko fiye, da 0.6 ga garin koko. Idan aka raba 4.1 a kan giram 28, iyakar Kalifoniya ta zama kusan miligiram 0.15 a kilo, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na ta Turai. Cakulan ɗaya yana iya faɗuwa a can ya ci jarrabawa a nan.

Amma cin jarrabawar Turai ma ba lasisin ci ba ƙaƙƙautawa ba ne. Hukumar Turai ta ƙayyade a 2009 cewa jiki na iya jure maikirogiram 2.5 na kadmiyam a mako ga kowane kilo na nauyinsa. Ga mai kilo 60, wannan ya zama 150 a mako. Cakulan da ke daidai kan iyakar 0.8 yana ɗauke da maikirogiram 22.4 a giram 28, wanda ya kai kusan 157 idan an ci kullum har mako. Ke nan shi kaɗai ya cinye rabon makon, kafin a lissafa hatsi da ganye da dankali waɗanda su ne manyan hanyoyin shigar kadmiyam, balle hayaƙin taba ga mai shanta. Mafi yawan cakulan yana ƙasa da wannan iyaka nesa, kuma kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa nasa adadin a 25 ga kilo a wata, wanda ya ninka na Turai fiye da sau biyu. Duk da haka lissafin ya nuna inda haɗarin yake: a cin kullum na nau'i ɗaya mai yawan ƙarfe.

Ga yaro mai kilo 15, rabon makon 37.5 ne kacal, wanda irin wancan cakulan zai cika shi a ci biyu. Binciken Tulane ma ya ware nau'i huɗu da ya ce suna iya zama haɗari ga yara masu wannan nauyi. Yaron kuwa ba shi da hawan jinin da za a ce ana rage masa, don haka nasa harbin ne ba tare da zumar ba. Idan gidan yana amfani da tozali na dutse, wanda yawancinsa ma'adinin dalma ne, ko yana kusa da masu fasa tsohon batir, to wannan ya fi cakulan zama abin gaggawa.

Ga babba mai lafiya, garin kokon da ba a wanke ba ya fi cakulan dacewa da manufar. Cokali ɗaya na giram 5, ko da yana kan iyakar Turai, maikirogiram 3 ne na kadmiyam, kuma ba ya ɗauke da sukari, yayin da giram 28 na baƙin cakulan ke ɗauke da kalori kusan 170. Mai ciwon ƙoda da mai yawan samun tsakuwar ƙoda suna buƙatar shawarar likita, saboda koko yana da sinadarin oksalet da fotasiyam masu yawa. Mai shan maganin hawan jini kuma, ragin mmHg 2 zuwa 4 ba zai maye masa gurbin ƙwayarsa ba.